Yadda Za a Riƙe Lambun Haɗin Gwiwa Idan Bazara Ta Kama

Tambaya: An ɗora mini jagorancin lambun da muke nomawa tare, mu kusan talatin. Kowa da fangalinsa, amma famfo ɗaya ne, ɗakin kaya ɗaya, tarin taki ma ɗaya. Lokacin shuka kowa ya fito da zumuɗi. Yanzu da bazara ta fara, ciyawa ta cinye hanyoyi, kullum ana cacar baki a kan ruwa, wasu sun ɗauke ƙafa, wani kuma ya yi feshi, maƙwabcinsa ya ce an ƙona masa tumatir. Ta ina zan fara?

Amsa: Malama, ki zagaya lambun nan gobe da safe, ki duba ina ne ya lalace. Da wuya ki tarar da fangalin da mai shi yake zuwa a wulaƙance. Inda za ki ga ɓarna shi ne hanya, da bakin famfo, da tarin taki, da gindin shinge, da fangalin da aka bari, wato duk wurin da ake ce wa "namu". Aikin da aka ce na kowa ne, kowa yana ganin wani zai yi shi. Saboda haka abin da za ki fara yi ba sayen magani ba ne, ba kuma wa'azin haɗin kai ba. Ki zauna da takarda, ki lissafa duk abin da kuke tarayya a kai, ki sa wa kowanne sunan mutum guda da ranar da zai duba shi. Sauran bayanin da zan yi miki duk a kan wannan yake.

Dalilin da ya sa abin yake fashewa a wannan lokaci ba ɓoyayye ba ne. A farkon bazara ƙasa ta ɗumama, yini ya yi tsawo, komai yana gudu: shuka, ciyawa, ƙwari, da ƙishin ƙasa. Zumuɗin mutane kuwa a daidai lokacin yake sauka, don daɗin shuka ya wuce, daɗin girbi bai iso ba, abin da ya rage shi ne sunkuyo cikin rana. Sakacin mako biyu da ba zai nuna ba lokacin sanyi, yanzu sai ya mayar da fangali daji.

Mu fara da ruwa, tunda a kansa ake faɗa. Yawancin rikicin famfo yana tasowa ne don ba wanda ya san adadin ruwan da ake buƙata, sai kowa ya yi ta zubawa har zuciyarsa ta kwanta. Ƙa'idar da masu lambu suka daɗe suna aiki da ita ita ce, yawancin kayan lambu suna son ruwa kimanin milimita 25 a mako, a haɗa da na sama idan an samu. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya daidai yake da lita ɗaya, ke nan lita 25 ga kowane murabba'in mita. Idan zafi ya tsananta, ko iska tana kaɗawa, ko ƙasar rairayi ce, buƙatar tana iya ninkawa. To ki yi lissafi da naku. A ce kowane fangali murabba'in mita 10 ne, yana son lita 250 a mako. Ki ɗauki bokitin lita 10, ki sa a bakin tiyo, ki duba agogo. Idan ya cika cikin minti ɗaya, fangali guda yana buƙatar minti 25 a mako, fanguloli 30 kuma awa 12 da rabi. Ki ga ashe famfo ɗaya ya ishe ku, in dai ba kowa ne zai zo a sa'a guda ba. Idan kuma lissafin ya nuna bai isa ba, kin samu hujjar da za ki kai gaban taro a nemi tanki, maimakon a yi ta zargin juna.

Daga nan sai a raba lambun kashi biyu ko uku, kowane kashi da ranakunsa. Wannan ba takura ba ce ga shuka, alheri ne gare ta. Yayyafi na kullum yana jiƙa fatar ƙasa kawai, saiwa ta saba da zama a sama, ranar da aka tsallake sai shukar ta langaɓe. Ban-ruwa mai ratsa ƙasa sau biyu ko uku a mako yana jan saiwa ta gangara inda danshi yake daɗewa. Togaciya ɗaya ce: irin da aka shuka bai tsiro ba, da dashen da bai kama ba, waɗannan suna son ruwa kullum, wani lokaci safe da yamma. A bar musu ganga ko tanki da gwangwanin ban-ruwa, kada su shiga layin tiyo.

Ki koya wa mutanenki su cusa yatsa cikin ƙasa kamar santimita 5 kafin su buɗe famfo. In akwai danshi, a bari. Ganyen kabewa da kokwamba yakan yi laushi da tsakar rana ko da ƙasa a jiƙe take, da yamma ya miƙe. Wanda bai sani ba sai ya ƙara ruwa, saiwa ta rasa iska ta ruɓe. Laushin da ya kamata a damu da shi shi ne wanda aka wayi gari da shi. Lokacin da ya fi kuwa shi ne sassafe, a kuma zuba a gindi, ba a kan ganye ba. Wanda aikinsa bai bar shi sai da yamma, ba laifi, amma ya kiyaye kada ganye ya kwana a jiƙe, don cututtukan fumfuna da danshin dare suke kamawa.

Abin da zai rage muku faɗan ruwa fiye da kowane jadawali shi ne lulluɓe ƙasa. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ko kara, ko busassun ganyaye, kaurin santimita 5 zuwa 8, a bar ɗan fili kewayen gindin shuka kada ya ruɓe. Ƙasar da aka lulluɓe tana riƙe danshi, ba ta ɗaukar zafi sosai, kuma irin ciyawa ba ya samun hasken tsirowa. A jiƙa ƙasar sosai kafin a shimfiɗa. Sai dai a san inda aka samo abin shimfiɗar. Ciyawar da ta riga ta yi iri, shuka ciyawa ne da hannunki. Wadda aka yanko daga filin da aka fesa wa maganin ciyawa kuma tana iya ɗauke da saura. Akwai magungunan da suke daɗewa a jikin ciyawa, har dabba ta ci su fito a kashinta ba su mutu ba. Gwajin yana da sauƙi: a gauraya ɗan abin da ƙasa a tukunya, a shuka wake, a ajiye wata tukunyar da ƙasa zalla a gefe. Idan bayan makonni uku ganyen waken ya fito a murɗe, kada a shigo da shi lambun.

Tanki da ganga su kasance a rufe koyaushe. Sauro yana iya kammala girma daga ƙwai zuwa mai tashi cikin kwana 7 zuwa 10 a ruwan da yake tsaye, kuma buɗaɗɗiyar ganga haɗari ce ga ƙananan yara. Wannan ma a sa masa sunan mai dubawa.

Sai ciyawa. A lambun mutum ɗaya, wanda ya bar ciyawa kansa ya cuta. A naku kuwa, ciyawar wani ta kowa ce, domin irinta bai san iyaka ba. Gindi ɗaya na wasu ciyayi, irin dangin alayyafon daji, yana iya zubar da iri sama da 100,000, kuma wani irin yakan yi shekaru a ƙasa yana jiran ranarsa. Don haka dokar da nake ganin ta fi amfani ba "kowa ya tsabtace fangalinsa" ba ce, wadda ba wanda ya san ma'auninta. A ce kawai: kada ciyawar kowa ta yi fure. Wannan ana gani da ido, ba musu a ciki. Kuma a bi ciyawa da fartanya tun tana tsiro, a kankare sama-sama da safe, rana ta ƙarasa ta. Makonni huɗu zuwa shida na farko bayan shuka su ne lokacin da ciyawa ta fi cutar da amfanin gona. Bayan nan inuwar shukar tana taimakawa. Masu yaɗo ta ƙarƙashin ƙasa kuwa, irin su kiri-kiri da aya-aya, sara ba ya kashe su, ƙara yawansu yake yi, sai an tono saiwar an shanya ta a rana ta bushe ƙayau.

Hanya kuma kada a bar ta ga ranar aikin gayya kaɗai. A raba ta: kowa shi ne mai alhakin rabin hanyar da ta kewaye fangalinsa. Babbar hanyar da baro yake bi a ba mutum biyu, a lulluɓe ta da kwali da ɓawon itace ko tsakuwa, a huta.

Fangalin da aka bari shi ne babban gwajin shugabancinki, kuma nan ne nake roƙon ki yi a hankali. Mutane ba sa ɗauke ƙafa don lalaci kawai. Akwai rashin lafiya, akwai haihuwa, akwai canjin aiki, akwai kuma kunya: wanda ya yi mako uku bai zo ba, ya san yadda fangalinsa ya koma, sai ya ji nauyin haɗa ido da maƙwabta, ya ƙara mako uku. Kira na farko ya zama na gaisuwa: "Kwana biyu ba mu gan ka ba, lafiya kuwa? Ko a taya ka ban-ruwa?" Da yawa a nan suke dawowa. Idan ba a ga canji ba, sai sanarwa a rubuce mai ɗauke da wa'adi, misali kwana 14. Bayan wa'adin, a share ciyawar a lulluɓe ƙasar, ba tare da an taɓa shukarsa ba. Sai a mataki na ƙarshe ne za a ba wani fangalin. Muhimmin abu shi ne a amince da waɗannan matakai a taro kafin a yi amfani da su a kan kowa. Dokar da aka ƙirƙiro saboda mutum ɗaya, ko da gaskiya ce, ƙiyayya ake ɗaukarta.

Wannan ba dabarata ba ce ni kaɗai. Elinor Ostrom, malamar jami'a 'yar Amurka wadda ta zama mace ta farko da ta samu kyautar Nobel a fannin tattalin arziki a 2009, ta shafe shekaru tana nazarin yadda jama'a suke riƙe dukiyar tarayya: magudanan ban-ruwa a Sifen da Filifin da Nefal, makiyaya a tsaunukan Suwizalan, dazuzzuka a Japan. Ta gano cewa waɗanda suka ɗore suna da abubuwa iri ɗaya. An san wane ne ɗan ciki da iyakar abin da ake tarayya a kai. Masu amfani da abin suna da hannu wajen tsara dokarsa. Masu sa ido daga cikinsu suke, ko kuma a gabansu suke ba da bahasi. Hukunci yana farawa da sauƙi ne, sai an maimaita laifi yake ƙaruwa. Kuma akwai hanyar sasanta rikici mai sauri marar tsada. A birnin Balensiya na ƙasar Sifen har yau manoman ban-ruwa suna da kotunsu da take zama kowace Alhamis da tsakar rana, a saurari ƙara da baki, a yanke hukunci nan take. Ba kotu nake cewa ki kafa ba. Amma mutum uku da kowa ya yarda da su, da rana sananniya da ake kawo ƙorafi, sun fi saƙonnin habaici a waya nesa ba kusa ba.

Yanzu batun feshi da tumatirin da aka ce an ƙona. Kafin ki kira kowa, ki je ki duba shukar da idonki, don nannaɗewar ganyen tumatir iri-iri ce. Idan tsofaffin ganyayen ƙasa ne suka naɗe zuwa sama, suna nan kore shar kuma da kauri, wannan yawanci zafi ne da bushewar iska, ko yawan datse rassa. Ba cuta ba ce, ba laifin kowa. Idan sabon toho ne ya fito a murɗe, ganyen ya tsuke ya yi siriri, reshe ya karkace, to akwai alamar maganin ciyawa irin su 2,4-D, wanda tumatir ba ya jure ko ɗan burbushinsa, kuma iska tana ɗaukarsa nesa. Idan tushen sabbin ganye ne ya yi fari ko rawaya, a yi zargin wani maganin ciyawa mai suna gilaifoset. In kuwa ganyayen sun ƙanƙance, gefensu ya yi rawaya, shukar ta tsumbure, kuma in an girgiza ta sai farin ƙuda ya tashi, wannan cutar bairos ce da farin ƙudan yake yaɗawa. Ba ta da magani, a tumɓuke a fitar. Ki kuma duba yadda ɓarnar ta kwanta. Feshin da iska ta kawo yakan fi bugun gefen da yake fuskantar inda aka yi shi, kuma yakan taɓa shuka iri daban-daban a layi ɗaya.

Haka nan zubewar fure. Idan zafin rana ya haura kimanin digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, dare kuma bai yi sanyi ba, garin furen tumatir da barkono yakan lalace, furen ya kakkaɓe bai ɗaura ɗa ba. Baƙin tabon da yake fitowa a gindin 'ya'yan tumatir shi ma ba ƙwaro ba ne, sinadarin kalsiyam ne bai isa wurin ba, kuma galibi ban-ruwa na yau-da-yawa-gobe-babu ne yake jawo shi. Feshi ba ya maganin ko ɗaya daga cikinsu. Ɗan rumfar raga mai rage rana da ban-ruwa a kan kari sun fi.

Ko ma mene ne sakamakon dubawar, ra'ayina shi ne a hana maganin ciyawa kwata-kwata a cikin lambun tarayya. Fanguloli sun yi kusa da juna da yawa, ba yadda za a fesa wa ɗaya ba a taɓa na gefe ba, kuma injin feshin da aka taɓa zuba wa maganin ciyawa da wuya ya wanku sarai. Maganin ƙwari kuma a yi masa sharuɗɗa: a sanar da maƙwabta kwana ɗaya kafin, kada a fesa ana iska, kada a fesa kan shuka mai fure lokacin da ƙudan zuma yake kiwo, a bari sai yamma liƙis, a kuma kafa alama mai ɗauke da sunan maganin da kwanan wata. Kowane magani yana da adadin kwanakin da za a jira kafin a ci amfanin, a rubuce a jikinsa. Maƙwabcin da zai tsinki latas gobe yana da haƙƙin ya sani.

Gaskiyar magana ma, mafi yawan ƙwarin farkon bazara ba sa buƙatar guba in an gan su da wuri. Darɓa tana haihuwar 'ya'ya a raye ba tare da namiji ba, 'ya'yan kuma cikin mako guda ko makamancin haka sun fara tasu haihuwar, shi ya sa take cika toho kamar dare ɗaya. Amma ruwa mai ƙarfi daga tiyo yana kakkaɓe ta, ruwan sabulu mai sauƙi ko man darbejiya yana rage ta, in an gwada a 'yan ganye tukuna kuma ba cikin rana aka fesa ba. Tsutsar kabeji ana tsince ta da hannu, ko a yi amfani da maganin Bt, wanda tsutsotsin malam-buɗe-littafi da danginsu yake kashewa. Guba mai kashe kowa da kowa tana tafiya da ƙwarin da suke cin darɓa, irin ɗan ƙwaron nan mai jan baya da ɗigon baƙi, sai darɓar ta dawo ba mai tare ta. Ki naɗa mutum biyu masu ido su riƙa zagaye sau ɗaya a mako, suna juya ganye suna duba bayansa, su rubuta abin da suka gani a allon ƙofa. Abin da ya kamata a ɗauka da gaggawa shi ne ƙaramar tsutsar da take shiga tsakanin fatar ganyen tumatir tana barin farin tabo kamar taga, wadda masana suke kira Tuta absoluta. Daga Kudancin Amurka ta fito, an fara ganinta a Sifen a 2006, daga nan ta bazu ƙasashe da yawa, kuma tana saurin bijire wa magani. Ita kam sai duk masu tumatir sun tashi tare a mako guda, a tsinke ganyen da ta kama a sa a leda a ɗaure.

Cuta ma tana bin kayan aiki. Almakashin datsa da wuƙar da suke yawo daga hannu zuwa hannu suna iya ɗaukar bairos daga wannan fangali zuwa wancan. A ajiye ruwan bilic da aka tsarma, kashi ɗaya cikin kashi tara na ruwa, a tsoma bakin kayan, a ɗauraye, a goge kada ya yi tsatsa. Kada a shiga cikin wake da tumatir ana taɓe-taɓe ganye yana jiƙe. A cire ganyen tumatir na ƙasa da yake taɓa turɓaya, a ɗaure shukar a jikin sanda tun ba ta kwanta ba.

Tarin taki, in ba a tsaya a kansa ba, juji yake komawa. Don ya ruɓe da kyau yana son busasshen abu kamar kashi biyu zuwa uku a kan kashi ɗaya na ɗanye, da danshin da in an matsa a hannu da ƙyar ɗigo zai fito, da girman da ya kai mita ɗaya kowane gefe, da juyawa. Sai cikinsa ya kai zafin digiri 55 zuwa 65 na kwanaki sannan yake kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta, kuma tarin da kowa yake watsa wa abu kaɗan-kaɗan ba kasafai yake kaiwa haka ba. Don haka a rubuta a jikinsa abin da ba a zubawa: ciyawa mai iri, saiwar masu yaɗo, shuka mai cuta, nama da maiƙo da suke jawo ɓeraye, da kashin kare ko kyanwa. A yi gida uku, ɗaya ana zubawa, ɗaya yana ruɓewa, ɗaya ana ɗiba. Ɗanyen kashin dabbobi kuwa ba lokacinsa ba ne yanzu. Dokar noman da ba a sa sinadari ta Amurka tana neman a bar kwana 120 tsakanin zuba shi da girbin abin da yake taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa, kuma ma'auni ne mai kyau ga kowa, musamman ga ganyen da ake ci ɗanye.

Akwai ƙananan ƙorafe-ƙorafe guda biyu da za su zo miki, gara ki shirya. Na farko inuwa: masara da wake mai hawa da aka shuka a bakin iyaka yanzu ne za su fara rufe wa maƙwabci rana, alhali yawancin kayan lambu masu 'ya'ya suna son rana ta awa shida zuwa takwas. Bana sai haƙuri da datsa, baɗi a sa doka tun kafin shuka. Kabewar da ta tsallaka hanya kuma a juya mata kai ta koma gida. Na biyu, wani zai ce barkonon maƙwabcinsa mai yaji ya sa nasa tattasan ya yi yaji. Haɗuwar fure ba ta canza naman 'ya'yan bana. A irin da aka ajiye aka shuka baɗi ne take nunawa. Masara ce daban, don ƙwayar da ake ci ita ce irin, saboda haka masara mai zaƙi da ta samu garin fure daga masarar tuwo takan rasa zaƙinta a wannan shekarar.

Girbi ya kusa, kuma da shi ake fara cewa an yi sata. Wani lokaci satar ce, wani lokaci tsuntsu ne ko ɓera, wani lokaci kuma ɗan'uwa ne ya ga kokwamba tana neman tsufa ya ce bari ya cece ta. A yanke magana ɗaya: ba a tsinkar na wani sai da izininsa. Mai tafiya ya kafa wata alama da aka amince da ita, wadda take nufin "a ba ni ruwa, a tsinki abin da ya nuna". Wannan taimako ne gare shi, don wake da kuɓewa da kokwamba in ba a tsinke su duk bayan kwana biyu ko uku ba, sai su ƙosa, shukar ta rage fure. A ajiye kwando a bakin ƙofa don rarar da mai ita ya ba da da kansa.

Ranar aikin gayya kada ta wuce awa biyu, a fara da sanyin safiya, a tanadi ruwan sha da inuwa. Wanda ya fara jin jiri, ko ciwon kai, ko tashin zuciya, a zaunar da shi a inuwa a ba shi ruwa. In ya fara ruɗewa ko sambatu, a jiƙa jikinsa a nemi asibiti ba jira. Kada ki tara mutane sannan ki fara tunanin abin da za su yi. Ki zo da ayyuka a rubuce, kowanne wanda mutum biyu za su gama su ga sun gama. Tsofaffi da marasa ƙarfi a ba su riƙe littafi, da wasa kayan aiki, da zagayen duba ƙwari, a kuma ƙirga musu shi daidai da na mai tura baro.

Littafin nan kuwa ki buɗe shi tun wannan makon, ki zana taswirar lambun, ki rubuta abin da yake kowane fangali da cutar da aka gani a ciki. Tumatir, barkono, gauta da dankalin turawa dangi ɗaya ne, cututtukansu da tsutsar saiwarsu ɗaya, kuma ana son a huta da su a wuri guda shekara uku zuwa huɗu, a sa wake ko albasa ko masara a tsakani. A fangali ƙarami hakan yana da wuya, amma ku da kuke da talatin kuna iya musanya a tsakaninku, in dai akwai rubutun da zai nuna me aka shuka a ina. Wuraren da latas ya yi tsiri ya fara ɗaci kuma a tumɓuke shi yanzu, a zuba taki ruɓaɓɓe, a sa wake ko kuɓewa, don latas ba ya son zafi, irinsa ma yakan ƙi tsirowa idan ƙasa ta kusa digiri 30.